Rasuwar Shuɗiya, Gorar Bakin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ciki mai cike da abin da masana ba su gama ƙirgawa ba, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin abokan aikina na maɗaba'a, waɗanda suka rage, rasuwar gorar ruwan gidanmu, wadda aka fi sani da Shuɗiya. Ta rasu da azahar, a kan teburin kicin, a hannuna, bayan doguwar rashin lafiyar da ba ta taɓa kwantar da ita ba.

Da gangan na rubuta "doguwar". Aikina a duniya shi ne gyaran rubutun mutane kafin a buga, kuma cikin abin da ya bi ta ƙarƙashin jan birona har da sanarwar mutuwa da ban san iyakarsu ba. Kowa a cikinsu bayan gajeriyar rashin lafiya ya rasu. Wanda ya yi shekaru ana juya shi a gado, gajeriya ce. Wanda jinya ta cinye gidansa da gonarsa, gajeriya ce. Ban taɓa soke kalmar ba, domin ba kuskuren rubutu ba ce, kunyar masu rai ce, kuma ba a ɗauke ni aikin gyara wannan ba. A sanarwar matata ma, wadda na rubuta da hannuna, haka na sa. Yau babu maigida a kaina, saboda haka gora za ta samu gaskiyar da mutane ba su samu ba.

Ba zan yi mata addu'ar da ake yi wa mamata ba. Na san bambancin mutum da roba, ko da yake in aka bi abin da na karanta a watannin nan, bambancin kullum raguwa yake yi.

Marigayiyar ta shigo gidanmu a shekarar da 'yarmu Auta ta fara makaranta. Auta muke ce mata duk da ita kaɗai Allah ya ba mu; uwarta ta ce tunda ita ce ta fari kuma ita ce ta ƙarshe, sai a zaɓi wanda ya fi daɗin kira. Matata ce ta sayo gorar a wajen wani mai kayan roba, wanda ya rantse mata cewa wannan ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa, ba ta mutuwa. Cikin 'yan kasuwar da na sani shi kaɗai ya faɗi gaskiya, kuma shi ya fi cutar mu. Gora ce mai kauri, mai faɗin baki, da mariƙi a gefe da farin murfi na murɗawa, tana cin ruwan da zai kai mutum uku la'asar. Matata ta dire ta a tsakar falo ta ce wannan sai ta binne mu duka. Muka yi dariya. Rabin maganar ya riga ya tabbata.

Matata tela ce. Keken ɗinkinta yana gindin tagar falo, inda haske ya fi, kuma a bakin tagar nan Shuɗiya ta yi zamanta na duniya, tsakanin gwangwanin maɓallai da babban almakashi. Rana takan shigo tun hantsi ta zauna a kanta har azahar, ruwan ya yi ɗumi. Matata ta ce ruwan sanyi yana kama mata ƙirji. Ni kuwa duk abin da ta faɗa game da jiki yarda nake yi, domin ni takarda na sani, ita ce ta san mutane.

Wanda ya zauna da marigayiyar zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa yoyo ba. Ta sha faɗowa daga taga in iska ta bugo labule, ta gangara ƙarƙashin kujera, a ɗauko ta ba ko tsaga. Matan da ke zuwa awo da karɓar ɗinki sun zubar da sirrin gidajensu a gabanta, ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba, abin da ba zan iya faɗa game da matan ba. Ta raka Auta makaranta ranar wasanni. Ta yi zaman asibiti tare da ni lokacin jinyar matata, a ƙarƙashin gado, kuma ta fi wasu dangi daɗewa a wajen.

Ba ta da yawan magana. In ana tsiyaya takan ce ɓul, ɓul, ɓul, a natse, kamar dattijuwa mai amsa gaisuwa. In ruwan ya kusa ƙarewa sai muryar ta koma sama, ta ce ƙwal. Murfinta ne mai taurin kai. Yakan ce ƙiii, sannan ya kafe, sai matata ta kama shi da haƙori ta murɗa. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce haƙoranta ne ba nawa ba, in je in gyara waƙafi. Sawun haƙoran yana nan a gefen murfin, biyu a sama, ɗaya ya ɗan karkace.

Ta samu kulawar da 'ya'yan wasu ba su samu ba. Matata ba ta yarda da wankin da babu wahala a cikinsa ba. Duk ƙarshen mako sai ta tafasa ruwa ta ɗura mata, ta girgiza, ta zura hannu da soson ƙarfe ta dirje cikinta har sai ya yi ƙara. A hankali shuɗin ya koɗe, ya koma kalar tsohuwar rigar makaranta. Cikinta ya yi fari-fari, ya yi kaushi kamar harshen kyanwa. Mun ɗauka tsufa ne irin na mutunci.

Amma babbar baiwarta ita ce ɗanɗano, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya rage sauri. Ruwan gidana yana da wani abu da ban taɓa samu a ko'ina ba. Ba zaƙi ba ne. Wani ɗan gardi ne da ke tsayawa a ƙarshen harshe, da ƙamshi kaɗan kamar na bangon sabon littafi. A wurin aiki an san ni, ba na shan ruwan ofis. Mai injin bugawa har suna ya sa mini, Ruwan Gida, kuma da shi aka kira ni har na yi ritaya. Nakan ce musu hannun matata ne. Famfo ɗaya muke sha da duk layinmu, amma in ita ta ɗebo, ruwan yakan san wanda ya taɓa shi. Ni da ba na yarda da magana sai an nuna mini shafi da layi, wannan na yarda da ita ba hujja. Ranar da na fara faɗa mata, ko ɗagowa ba ta yi daga keke ba. Ta ce gara da na gane, tunda dai ba na yabon girki. Amma na ga ta ɗinke layi ɗaya sau biyu. Ban iya kalaman soyayya ba. Wannan kaɗai na taɓa yi mata, na yi ta maimaita shi shekara da shekaru, kamar maɗaba'ar da littafi ɗaya tak ta mallaka.

Da matata ta rasu, masu gaisuwa suka watse, aka mayar da kujerun aro, na tashi wata safiya na cika gorar da kaina. Na ajiye ta a taga don ban san mata wani wuri ba. Da azahar na tsiyaya na kurɓa. Ɗanɗanon yana nan. Na zauna a kujerar keke na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, na ce ashe ba duka aka tafi da ita ba. Tun daga ranar, kullum da azahar ina da ganawa da matata, kofi ɗaya, a tsaye, ba wanda ya sani. Da wannan kofin na rayu. Ban ce na ji daɗi ba, na ce na rayu.

Auta ce ta gano ciwon marigayiyar. Auta ta yi aure, mijinta mutumin kirki ne mai yawan shiru, irin wanda ke gaishe ka yana kallon takalminka. Ta yi ɓari sau biyu. Yanzu tana ɗauke da na uku, ya fara fitowa, tana tafiya kamar mai ratsa kasuwa da tiren ƙwai. Mai tsoro irin wannan babu abin da ba ya karantawa, kuma son karatu a wurina ta gada, ban da abin da zan ce. Ta daina shan ruwan leda. Ta kwashe robobin da take zuba abinci mai zafi ta fitar daga kicin ɗinta. Ta sayi gorar ƙarfe tana yawo da ita a jaka. Ranar da ta zo gidan ubanta na tsiyaya mata ruwa, ta ce ta gode, ta ciro nata. Ban ce komai ba, wanda a wurina babbar magana ce.

Sai ta tashi ta ɗauko Shuɗiya daga taga, ta juye sauran ruwan a kofi, ta ɗaga ta a haske. Ta zura yatsa ta kankari cikin da farce, ta miƙo mini. A ƙarƙashin farcen akwai wani farin gari kamar alli. Ta ce roba in ta sha rana, ta sha ruwan zafi, ta sha dirza, sakin jikinta take yi kaɗan-kaɗan, kuma wanda ido ke gani shi ne mafi ƙaranci. Ta ce sauran kuwa mun riga mun shanye. Ta ce an samu irinsa a jinin mutane, an samu a huhu, an samu har a mabiyiyar jarirai. Da ta zo kan wannan sai ta dafa cikinta ba tare da ta sani ba. Ta roƙe ni in jefar.

Na ce ba zan iya ba. Ta tambayi dalili, ni kuma na yi wautar faɗa mata: ganawar azahar, kofi ɗaya, hannun uwarta da bai bar ruwan ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ta daɗe tana kallona da wani irin tausayi da na gwammace zagi a kansa.

"Baba," ta ce, "ba Mama kake sha ba. Roba ce."

Sai kuma ita ta fara kuka, ba ni ba. Ta ce tun tana 'yar makaranta take shan wannan ruwan, safe da rana.

"In ita ce fa, Baba? In waɗannan ƙwayoyin cutar ne suka zubar mini da biyun can?"

Mai karatu zai so ya ji na rungume ta. Ga abin da na yi. Na ce mata ba ƙwayoyin cuta ake cewa ba, ƙwayar cuta tana da rai, tana hayayyafa; wannan burbushi ne. Na ƙara da cewa kafin a ɗora wa abu laifin kisa sai an kawo hujja. Da muryar ofis na faɗa, muryar da nake mayar wa sabon marubuci da takardarsa. 'Yata tana tsaye a gabana da fargabar da ta fi ƙarfinta, ni kuma na ga kalma ba a wurinta ba.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta juyo.

"Na gode da gyara. Muddin tana gidan nan, ni da abin da ke cikina ba za mu tako ba. Ka zauna da ita."

Ban san wace "ita" take nufi ba, gorar ko uwarta. Karo na farko a rayuwata na ga jimla mai harshen damo ban nemi a fayyace ba.

Tun daga ranar ba ta ɗaga wayata ba. Mijin ne ke ɗagawa, ya ce ta kwanta, ko ta shiga wanka. Ban san mace na iya yawan wanka haka ba.

Na yi abin da na iya, wato karatu, kuma ba don in fahimta ba, don in kayar da ita. Na koma ɗakin karatun da na daina zuwa, na sa ma'aikaciyar wurin ta yi ta buɗe mini shafuka a kwamfuta har ta fara ɓuya in ta hango ni. Abin da na samo bai yi wa kowa daɗi ba. Burbushin roba gaskiya ne. An same shi a ruwan gora da na famfo, a gishiri, a ƙurar ɗaki, a iskar da muke shaƙa, an kuma same shi a jikin mutane, a wuraren da Auta ta lissafa. Zafi da karcewa da tsufa suna ƙara sa roba ta saki jiki. Wannan ma ta yi gaskiya. Amma da aka zo kan abin da yake yi wa mutum, sai rubutun ya canza tafiya. Ana zargi. Akwai alamun alaƙa. An gani a jikin dabbobi. Ana buƙatar ƙarin bincike. Na san waɗannan kalmomi, na sha gyara musu waƙafi. Kalmomin mutanen da ba sa son yin ƙarya ne, kuma ba a iya kwana a kansu. Na je neman a wanke Shuɗiya ko a kama ta, na dawo an ba da belinta.

Na je wajen likitan da ya yi jinyar matata. Na tambaye shi kai tsaye ko abin da ya ci cikinta yana da alaƙa da gora. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ba zai iya ce mini e ba, ba zai iya ce mini a'a ba, kuma duk wanda ya ba ni ɗaya daga ciki da ƙarfin murya in bincika me yake sayarwa. Ya ce in daina zuba abu mai zafi a roba, in daina barin ta a rana, wadda ta karce in rabu da ita, in koma kwalba ko ƙarfe. Ya kuma ce in sha ruwa ko a mene ne, domin ƙishirwa ba ta jiran ƙarin bincike.

Saura magana ɗaya, ta ɗanɗano, kuma wannan da kaina na gwada. Na tari ruwa a famfo ɗaya, rabi a kofin gilashi, rabi a Shuɗiya, na jera su a taga. Da azahar na kurɓi na gilashi: ruwa ne, ɗumi, ba komai. Na kurɓi na gora: matata. Da na tsaya a nan da na tsira da wani abu. Amma mai gyara ba ya yarda da karatu ɗaya. Na samo wata 'yar gorar lemo, irin wadda ake sha a yar a bakin titi, na wanke, na cika, na bar ta a taga 'yan kwanaki. Na kurɓa. Ba ta kai ba, amma ta ɗauko hanya. Gorar da wani ya sha ya wurgar, wadda ba ta taɓa ganin matata ba, ita ma ta ɗan yi kama da ita. Na wuni a kujerar keke ban kunna ko rediyo ba.

Can sai wata dabara ta zo mini, irin ta mutumin da ya saba cin gardama. Wa ya ajiye gorar a rana? Wa ya ɗura mata tafasasshen ruwa? Wa ya dirje ta da soson ƙarfe duk mako har ta saki jiki? Ashe ban yi kuskure ba, hannunta ne. Na ɗauki waya zan kira Auta in gaya mata na yi nasara. Ina cikin neman lambar na gane abin da nasarar take nufi: in hannun uwarta ne ɗanɗanon, to hannun uwarta ne farin garin. Na ajiye wayar. Matar nan da soso take son mutane, ba ta san wata hanya ba, kuma babu wanda ya gaya mata. Na rubuta wannan ne don ba a rage wa mamaci tarihi, amma duk wanda zai kai wa Auta labari ya tsallake wannan sakin layi. A bar laifin a kan roba.

Duk da haka ban rabu da ita ba. Na ci gaba da ganawar azahar, ina sha ina sane, kamar mai ziyartar wanda aka ce masa ba shi ne ba. In surukina ya tambaya a waya, cikin ladabi, ko an samu damar yin abin nan, sai in ce ana kan hanya.

Ran nan sai ga shi da kansa, da hantsi, ba sanarwa. Ya zauna a bakin kujera ya gaishe ni ya sake gaishe ni. Sannan ya gaya wa takalmina cewa a makon da ya wuce Auta ta ga jini, an kwantar da ita asibiti, an tsayar, an sallame ta, cikin yana nan, likita ya ce ta huta. Na ce a makon da ya wuce? Ya ce e. Na ce ni ba ni da waya ne? Ya ce ita ta hana. Na matsa masa ya faɗi yadda ta ce. Wai kada a kira Baba, zai zo ya gyara wa likita magana.

Ban ce gorar ce ta sa ta ga jini ba. Babu wanda ya ce haka, har ita. Abin da na sani shi ne 'yata ta kwanta a gadon asibiti tana tsoron rasa na uku, ta duba duniya ta zaɓi waɗanda take so a kusa, ba na ciki, ina gida ina shan ruwan ɗumi da wata roba.

Da ya tafi na cika Shuɗiya na ajiye ta a wurinta. Na jira rana ta gama da ita. Da azahar na tsiyaya, ta ce ɓul, ɓul, ɓul, kamar ba abin da ya faru. Na sha a tsaye. Na zubar da sauran a gindin famfo, na kai ta kicin, na ɗauko babban almakashin matata. Da na jefar da ita lafiyayya na san halina, kafin magariba ina cikin kwandon shara ina tono. Na ɗauka za ta yi gardama, ita da aka rantse ba ta mutuwa. Ina sa bakin almakashin ta ce ƙwas, ta tsage tun daga wuya har gindi kamar ɓawon ƙwai. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ashe ta daɗe da ƙarewa, siffar ce kawai ke tsaye. Shuɗin gari ya zubo a tebur, na share da tafin hannu, sannan na tsaya riƙe da hannun ban san inda zan wanke shi ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar murfinta, wanda yake cikin ƙoshin lafiya. Ta bar kofunan roba uku da robobin firji masu yawa, duk an sallame su daga aiki. Ta bar keken ɗinki da gwangwanin maɓallai, maƙwabtanta na taga, da wani zagayayyen tabo a inda take zama wanda na goge ya ƙi fita. Ta bar dangi a kowane gida da kowane shago da kowace kwata a garin nan. Ta kuma bar 'ya'ya da jikoki da ba a san adadinsu ba, waɗanda ido ba ya gani. Wasu suna zaune a jikina. Wasu suna kabarin matata, kuma in ƙasa ta gama da ita su za su rage. Wasu suna jikin Auta. Akwai wuri na huɗu da ake zargi, na rubuta shi na soke, na sake rubutawa na sake sokewa.

Ta bar ni. Na sayi ƙatuwar kwalba mai murfin ƙarfe, ina ajiye ta a inuwa. Ruwanta ba shi da laifi, ba shi da komai, kamar karanta farar takarda. Ina shan sa yadda ake shan magani, don likita ya ce. Azahar ta zama lokaci kawai. Matata ta rasu shekarun baya, amma a makon nan ta bar gidan.

Game da jana'iza, an samu matsala, kuma ina neman afuwar masu jira. Ba za a binne ta ba, ƙasa ba ta cin irinta. Ba za a ƙone ta ba, hayaƙin zai shiga gidan maƙwabta, suna da ƙananan yara. Ba za a jefa ta a kwata ba, domin ruwa zai kai ta rafi, rafi ya kai ta inda za ta dawo mana ta famfo. Na duba duk hanyoyin da ake sallamar mamaci, babu wadda ta karɓe ta. A ƙarshe dattijon nan mai bin layi da baro yana tattara tsofaffin robobi ya yarda zai ɗauke ta gobe da safe. Na tambaye shi inda ake kai su. Ya ce niƙewa ake yi a narkar, su dawo bokiti ko kujera ko silifa. Don haka duk wanda ya sayi shuɗin bokiti nan gaba ya riƙe shi da mutunci, kada ya bar shi a rana. Gawar tana cikin buhu a bayan ƙofa ga mai son ganin ƙarshe.

Dattijon ya leƙa buhun ya tambayi murfin. Na ce murfin bai mutu ba. Yana aljihun rigata na gaba. Ba na sa shi a baki, ba na zuba masa komai, babban yatsa kawai nake ɗorawa a kan sawun haƙoran. Ban sani ba ko sharaɗin Auta ya haɗa da shi. In ta ce har shi, zan bayar. Ta zo dai ta faɗa da bakinta.

Za a karɓi gaisuwa a gida, daga safe har lokacin da aka gaji. Ba za a raba ruwan leda ba, kuma kada a kawo. Masu niyyar ce mini roba ce kawai su huta a gidajensu, an riga an gaya mini, kuma wadda ta gaya mini ta fi su iko da maganar.

Ita nake jira. Wanda ya san inda Auta take jin magana, mijinta ko ƙawarta ko matar da ke mata kitso, ya taimaki tsoho ya gaya mata taga ta zama wayam. Ya gaya mata kwalbar tana inuwa, da ruwan sanyi da tsumma mai laushi na wanke ta, na kuma fito da kofi biyu na gilashi. In ba ta yarda da ruwana ba ta zo da nata a jaka, ba zan ce komai ba, kuma wannan karon shirun ba magana ba ne. In tana son ta sake yin tambayar nan ta yi. Ban san amsar ba, likita ma bai sani ba, amma zan zauna kusa da ita mu rasa sani tare. Ta kira abin da duk sunan da ta ga dama, ƙwayoyin cuta ko wani. Jan birona yana cikin buhu tare da gawar, dattijo zai tafi da su gobe. Da na duba, shi ma roba ne.

Mai sanarwa,
Baban Auta.